Hancin Baba da Harshen Auta

Shekara talatin da shida Baba ya yi yana haɗa turare a kamfani. Ranar da ya ajiye aiki suka sallame shi da agogon bango da takardar yabo a cikin gilashi. Ya kawo su gidana, inda ya tare tun bayan rasuwar mahaifiyarmu, ya jingine su a bayan ƙofa, ya zauna a kujerar da ke kallon baranda. Wata huɗu, in ka cire salla da cin abinci da kwanciya, bai bar kujerar nan ba.

Wannan fa mutumin da a da ina buɗe ƙofa zai ce, "Auta, kin tsaya gidan mai, kuma ɗalibinki na ƙarshe mashayin taba ne." Yanzu sai dai ya ce sannu da zuwa ba tare da ya juyo ba. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na ga yadda tsofaffi suke narkewa a kujera, ba ciwo ba komai, har a wayi gari babu su.

Ni koyar da tuƙi nake yi. Daga safe zuwa la'asar aikina in zauna kusa da mutum in faɗa masa laifinsa kafin ya kashe mu. Ba ni da sanyin baki, kowa a gidanmu ya sani, amma a gaban kujerar nan na rasa ta cewa.

Wata Asabar da safe na haɗa shayina a kicin, ina wucewa da kofi ta bayansa, sai na ji murya.

"Wa ya ajiye ganyen shayin nan kusa da kanumfari?"

Na tsaya cak. "Ni ce, Baba. A kabad ɗaya suke."

"Kwana tara ko goma. Kuma akwai ɓawon lemo a wajen, ya fara bushewa."

Ya miƙe. Wallahi har kujerar sai da ta yi ƙarar mamaki. Ya shiga kicin da silifas ɗinsa, ya buɗe kabad, ya zuba ganyen a tafin hannu, ya rufe ido yana shinshina.

"Ganyen nan ɓarawo ne," in ji shi. "Duk abin da ya kwana kusa da shi sai ya sace ƙamshinsa. Mutanen da, in suna son ƙamshin fure, sai su shimfiɗa kitse a faranti, su jera furanni a kai, kitsen ya zuƙe. Ashe ga abin da ke yin aikin a kabad ɗinki, kin bar shi yana satar kanumfari."

Kafin sati ya zagayo ɗan ɗakin da muke tara tarkace ya zama ɗakin aiki. Keken maigidana ya koma ƙarƙashin matakala. Baba ya zaro sikelinsa mai auna abin da bai kai giram ɗaya ba, ya jera kwalabe masu murfi, kowacce da lamba a jiki, ya sayi sabon littafi mai bangon fata. Dokoki suka biyo baya. Ba a soya albasa kafin ƙarfe goma, don hancin safe ne hancin aiki. Maigidana, mai gyaran tabarau ne, mutum mai haƙuri, aka hana shi fesa turarensa a cikin gida.

"Wanda ya haɗa turaren nan naka," in ji Baba, "fushi yake da duniya."

"To, Baba," in ji maigidana, ya koma fesawa a mota.

Da yamma Baba yakan kira ni in ga aiki. Ya ce kowane turare hawa uku ne. Akwai kai, wanda yake fara tarbarka ya gudu, kamar ɓawon lemo da na'a-na'a. Akwai ciki, wanda yake zama tare da kai, wato furanni. Sai gindi, mai nauyi, wanda yake riƙe sauran, irin su kirfa da kanumfari. Ya auna busasshen furen wardi, ya auna yasmin, ya zuba wani ɗan fure mai ruwan shuni da ya ce lafanda ne, ya gauraya da ganyen shayin, ya rufe kwalba ya ce sai sun kwana biyar sun saba da juna. In hancinsa ya gaji sai ya cusa shi a lanƙwasar gwiwar hannun rigarsa ya ja numfashi. Yana aiki yana 'yar waƙa a maƙoshi. Rabon da in ji wannan waƙar tun mahaifiyarmu na da rai.

Ranar da aka buɗe kwalba ta ɗaya Yaya ta zo. Ita ce babbarmu, kuma tun muna yara take ganin Allah ya ɗora mata tafiyar da gidan. Baba ya tafasa ruwa, ya jira ya ɗan huce, ya zuba, ya duba agogo. Ƙamshin da ya tashi daga butar nan ban taɓa jin irinsa ba. Matar maƙwabcinmu har ƙwanƙwasa ƙofa ta yi ta tambayi abin da muka saya. Baba ya zuba kofi uku, ya sunkuya a kan tururin ya ja numfashi, ya gyaɗa kai, ya miƙa mana, ni da Yaya da maigidana.

Na kurɓa. Sabulu. Ba wani abu mai kama da sabulu ba, sabulun wanka sak, irin mai tsada, an narkar da shi a ruwan zafi.

Na buɗe baki, Yaya ta taka mini ƙafa da dunduniyar takalminta.

"Kai, Baba!" ta ce. "Wannan ai sai gidan sarauta. Da daɗi!"

"Da daɗi ƙwarai," in ji maigidana, idonsa ya ciko da ƙwalla.

Baba ya dube ni. Na haɗiye na ce, "Da daɗi."

Da na raka Yaya ta tsare ni a matakala, tsakanin hawa na biyu da na uku, ta nuna ni da makullin motarta.

"Auta, na san bakinki. Wata huɗu yana kujera, yau ya tashi. In kika kuskura kika ce masa uffan ya koma, ni da ke ne. Ko ruwan wanki ya ba ki, ki sha ki ce da daɗi."

"To ai ruwan wankin ne."

"Sai ki sha."

Na ga gaskiyarta, shi ya sa na yi alkawari. Haka muka shiga shan sabulu. Lamba biyu sabulu, lamba biyar sabulu da kirfa, lamba tara kamar ka lashi gashin amarya. Kowanne in yana tururi sai ka ji kamar ka yi wanka da shi, abin da ya dace a yi da shi ke nan. Maigidana ya ƙware wajen zuwa baranda da kofinsa wai zai sha iska, har shukar da ke tukunya a can ta sunkuyar da kai ta mutu. Ni kuwa na riƙa shanyewa tas, don ban iya rabin abu ba. Na tafi aiki ina gyatsar wardi, wata ɗalibata ta tambaye ni sunan turarena.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, muna ƙara yabo, Baba yana ƙara sanyi. A farko kwalba biyar yake haɗawa a sati. Ya koma biyu, ya koma ɗaya. Waƙar maƙoshi ta ɗauke. Ya daina faɗa a kan albasa, ni da nake ƙorafin dokar na koma soyawa da sassafe ko zai yi magana, bai yi ba. In ya miƙo kofi muka ce da daɗi, sai ya ce "to," ya rufe littafinsa ba tare da ya rubuta komai ba.

"Yabon ne bai isa ba," in ji Yaya a waya. "Ke kina cewa da daɗi kamar ana cire miki haƙori."

Ta kwaso ƙawayenta uku ta kawo, bayan ta yi musu bita a mota. Suka sha suna lumshe ido, ɗaya ta ce a buɗe masa shago, ɗaya ta ce ta ji ciwon kanta ya tafi. Baba ya yi musu godiya cikin ladabi. Washegari na fito na same shi a kujera yana kallon baranda. Garin neman gira muna shirin rasa ido, kuma ba wanda ya san ta inda aka kuskure.

Ranar Laraba na dawo da la'asar raina a ɓace. Wani ɗalibi, babban mutum da furfurarsa, ya yi baya da mota ya haye kwandon shara, sannan ya ce kwandon ne ba ya wurin jiya. Na shigo na ga ƙofar ɗakin aiki a buɗe. Baba yana durƙushe yana naɗe kwalabe da tsohuwar jarida yana jerawa a kwali. Sikelin ya riga ya shiga akwatinsa.

"Baba, me ke nan?"

"Ki ce wa mijinki ya dawo da kekensa ɗakin nan. Ruwa na dukansa a ƙasa." Ya nuna buta a kan tebur. "Ga lamba ashirin da uku, na ƙarshe. Sha kada a zubar."

Na zuba na kurɓa. Ban ma haɗiye ba ya ce, yana ci gaba da naɗe kwalba, ko kallona bai yi ba:

"Da daɗi, ko?"

Yadda ya faɗe ta ne ya tunzura ni. Wata biyu ina shan abin nan don kada ya koma kujera, ga shi zai koma duk da haka, ya bar ni da ciki cike da kumfa. Alkawarin Yaya ya fice mini ta taga.

"Sabulu ne, Baba! Sabulu! Tun lamba ɗaya sabulu muke sha! Wardin nan ya yi yawa, wancan mai ruwan shunin kuma yana manne wa mutum a dasashi har azahar. Ganyen shayin ma ba a jin sa, kun taru kun danne shi. Shukar baranda ba rana ce ta kashe ta ba, lamba sha ɗaya ce!"

Na tsaya ina haki. Na ce a raina shi ke nan, na kashe ubana, Yaya kuma za ta kashe ni.

Baba ya ajiye kwalbar a hankali. Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya jawo littafin daga ƙasan kwali, ya cire murfin biro da haƙori.

"Wane irin sabulu?"

"Na'am?"

"Na wanka ko na wanki? Kuma yaushe yake zuwa, da kin kurɓa ko bayan kin haɗiye?"

"Na wanka. Bayan na haɗiye ya fi tsanani."

Ya rubuta. Hannunsa na gudu a kan takarda, kuma ga mamakina fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Sake kurɓa. Riƙe shi a baki. Me kika fara ji?"

"Baba, ba ka ji haushi ba?"

Ya zauna a bakin tebur ya cire tabarau.

"Auta, a wurin aikinmu, in ka haɗa abu sai ka ɗiga a 'yar takarda ka ajiye a teburin abokin aikinka. In ya dawo maka da ita ya ce kan ya yi kaifi, ko gindin ya yi laka, to ya shinshina, ya ɗauke ka mutum. In ya ce ya yi kyau, bai ma kai hanci ba. Ɗan mai kamfani ake ce wa ya yi kyau. Shi da wanda ake jira ya tafi." Ya goge tabarau da gefen riga. "Shekarata ta ƙarshe, duk abin da na ajiye a teburin yaran nan sai su ce, ya yi kyau, Baba. Daga nan na san lokacina ya yi. Na zo gida na sami wani aikin, sai ga 'ya'yana ma sun fara."

Kunya ta rufe ni, tausayi ya biyo baya, na ji hawaye na zubo mini ba shiri. Mu a ganinmu tallafe shi muke yi, ashe kullum sallamarsa muke sake yi da kofi a hannu. Na share ido da bayan hannu, sai kuma wani abu ya faɗo mini.

"Tsaya, Baba. Kai ba ka ji sabulun ba?"

Ya kawar da kai kamar yaron da aka kama. "Ni ai ina shinshinawa."

"Ba ka taɓa sha ba? Ashirin da uku?"

"Dokar farko da ake koya wa mutum a ɗakin haɗi, abin da ke kan tebur ba ya shiga baki. Shekara talatin da shida. Kuma ni abu mai zafi ba ya cikin tsarina, yana dusashe hanci."

Na cika kofi har baki na dangwara a gabansa, na yi masa muryar da nake yi wa ɗalibai a kan babban titi.

"Ɗauka. Shanye."

Ya ɗauka da yatsa biyu. Ya shinshina, don hali zanen dutse. Ya kurɓa. Na ga girarsa ta haɗe, kumatunsa suka kumbura, ya waiga hagu da dama yana neman inda zai tofar, bai samu ba, ya haɗiye da ƙyar.

"Innalillahi," ya ce. "Wannan kuka sha wata biyu?"

"Har da baƙi."

Dariya ta kama shi har ya riƙe ciki. Ni ma ta kama ni, muka zauna a ƙasa tsakanin jaridu muna yi muna tari. A haka maigidana ya shigo ya same mu. Baba ya nuna shi da biro.

"Kai kuma, faɗi gaskiya. Lamba sha ɗaya?"

Maigidana ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ya gyara murya. "Baba, kamar man goge takalmi ne da aka yi wa turare."

"Madalla! Ashe kana da baki." Ya rubuta wannan ma.

Daga ranar aiki ya koma na mutum biyu. Kullum da safe kafin in fita, shi hanci, ni harshe. Ya gano cewa ruwan zafi ba fatar mutum ba ce. Abin da turare yake saki a hankali cikin awa shida, shayi yana watso shi cikin minti biyar, kuma abin da hanci ya ce kaɗan ne, harshe sai ya ce an cika. Ya sake tsara hawansa uku. Tururi ne kai, kurɓa ce ciki, abin da ya rage a maƙogwaro bayan an haɗiye shi ne gindi, kuma gindin nan ɗacin ganyen ne da kansa, ba a danne shi. Lafanda ya kore ta daga ɗakin gaba ɗaya. Wardi kuwa ya daina barinsa ya shiga buta. Sai ya shimfiɗa ganyen a faranti, ya jera furen a kai, su kwana, da safe ya tsince furen ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki ya zubar. Ɓarawon ya riga ya yi satarsa.

Ni kuma na sami filin da ban taɓa samu ba. Lamba ashirin da shida na ce ruwan zafi ne da ya taɓa jin labarin fure. Lamba talatin na ce kanumfarin ya sa na ji kamar ina wurin likitan haƙori. Baba ya riƙa rubutawa yana musu, wani lokaci ya ce harshena ne ya lalace da barkono, sannan ya kurɓa da kansa ya yi tsaki ya rage awo. Dokar albasa ta dawo da ƙarfinta, har da ƙarin awa ɗaya.

Yaya da ta ji labari sai da ta yi kwana biyu ba ta ɗaga wayata ba. Ranar da ta zo ta ga Baba yana kai da kawo yana waƙa, ta zauna aka ba ta lamba talatin da huɗu. Ta kurɓa ta buɗe baki za ta fara sarautarta, Baba ya ɗaga mata hannu.

"In da daɗi za ki ce, ajiye kofin ki tafi gida."

Ta sake kurɓa. "To, citta ta yi yawa. Kuma tun da ana faɗar gaskiya, Baba, rigar nan taka ta isa wanki."

Tun daga nan ta fi ni tsanani, har sai da na fara tausaya masa.

Lamba arba'in da ɗaya ta zo wata Talata da safe, ina sauri, makullin mota a hannuna. Baba ya zuba ya turo mini kofi, ya buɗe littafi, ya ɗora biro a kan layi yana jira. Tururin ya kawo ɓawon lemo, siriri, ya wuce. Na kurɓa. Shayi ne, shayi na gaske mai ɗan ɗaci, sai can a tsakiyarsa wardi ya leƙo kamar mai sallama daga bakin ƙofa. Na haɗiye, wani ɗumi na kirfa ya zauna mini a maƙogwaro. Na sake kurɓa ina neman laifi. Na juya shi a baki, na jira sabulu, na jira likitan haƙori. Na ajiye makullin na zauna. Ina ta nema har na ga gindin kofi.

"To?" in ji Baba. "Kan ne ko cikin?"

Na rasa yadda zan yi. In na ce da daɗi na zage shi, laifi kuma ban samu ba, ƙarya kuwa na tuba. Ina cikin wannan tunani ashe hannuna ya riga ni, ya tura kofin gabansa.

"Ƙara mini tukuna, in sake dubawa."

Baba bai ɗauki butar ba. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya mayar da murfin biro a hankali.

"Kwalba arba'in da ɗaya," ya ce. "An yaba, an kushe. Yau ne aka fara miƙo mini kofi a ce in ƙara."

Ya zuba mini har ya kusa zuba a tebur, ya jawo wani kofin ya cika wa kansa. Na kira ɗalibin ƙarfe takwas na ce ya jira ni, ina da uzuri a gida. Muka zauna ni da ubana muka shanye butar tas.